Sunan Ɗan Fari

Tun da aka miƙa shari'a hannun na'ura, an ce adalci ya ƙara sauri. Lallai ya ƙara, domin cikin minti huɗu aka yanke wa Mamuda tela hukuncin rataya kan kisan wani direba.

Sagir, mai rubuta littattafai kan waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, shi ya gano matsalar. A ranar kisan, Mamuda yana ɗakin uwarsa, Inna Dije, ta kuma shaida hakan. Sai dai ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Cewa ta yi, "Wancan yana wurina." Na'ura ta rubuta: wani da ba a sani ba.

Ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara, Sagir ya kai Inna Dije akwatin shaida na bakin kasuwa, inda na'urar ke sauraron mutane.

"Inna, sunan kawai za ki faɗa. Jibi ne fa za a rataye shi."

"Ɗan nan, shekara arba'in bakina bai taɓa ɗaukarsa ba."

"Yau ya ɗauka, don Allah."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Mamuda." Ta sake faɗa da ƙarfi, har masu tumatir suka waiwayo.

Na'urar ta bincika duk maganar da wayoyi suka taɓa ji daga bakinta, sannan ta amsa cikin ladabi: "Wannan murya ba ta taɓa ambaton sunan nan ba sai yau. Mai shaida ba ta san mai laifi ba. Na gaba."