Dabinon Baba na Ghuddwa

Ina shekara tara, lokacin da arzikin fetur ya cika Sabha, birnin Larabawa da muke zaman ci-rani, Baba ya tafi da ni zaman sulhu a ƙauyen Ghuddwa. Dabino arba'in ya dasa wa wani Balarabe, da alkawarin rabi na Baba ne. Mutumin ya rasu, ɗansa ya musa. Baba ba takardar zama, ina shi ina kotu?

Dattijon da ya shiga tsakani ya ce, "Malam Idi, ɗauki bishiya ɗaya, a zauna lafiya. Fatiha."

Da an shafa, magana ta mutu. Na ƙi ɗaga hannu. Baba ya kamo hannuwana cikin nasa masu kaushi.

"Shafa, uwata. A garinsu muke."

Na shafa. Har yau, in rediyo ya fara yabon sulhu, kashe shi nake.