Zobe a Tsakiyar Bita

Jarrabawar shiga makarantar likitanci ta matso. A bakin kogin Someș, Codrin yana taɓa yatsun budurwarsa Ruxandra don taya ta bita, tana faɗin sunayen ƙasusuwan. Sai ta ji sanyin zobe a yatsanta.

"Wannan fa, likita?" ya ce yana murmushi.

Ta kasa kallonsa. Ta zare zoben, ta mayar masa.

"Codrin, in na ci, karatun zai cinye ni. Ba zan iya aure ba."

"Zan jira."

"Don Allah kar ka jira."

Ya daɗe yana kallonta. "Tun yaushe kika san haka?"

"Tun kafin ka ƙi aikin nan na Jamus saboda ni."