Kurman Hausari

"Ashe nan kake zuwa!"

Hajiya Yakaka ta tsaya a bakin zauren Malam Abbas tana huci. Mijinta, Alhaji Bubayaro, yana zaune a tabarma kusa da Abbas, tsohon da kowa a Hausari ya san ya kurumce. Ba dara, ba rediyo, ba hira. Tattabaru kawai suka zuba wa ido.

"Kullum sai na kora ka majalisa don ka shiga mutane. 'Yan dara sun ce ko ƙeyarka ba su taɓa gani ba! Tsufa ne ko baƙin hali? Me kake tsinta wurin wanda ko aradu ba ya ji?"

"Shirun nake tsinta," in ji Alhaji a hankali.

Ta ƙara ɗaga murya, har tattabarun suka watse.

Sai Malam Abbas ya leƙa cikin gidansa, ya juyo rai a ɓace.

"Haba Hajiya, kin cika mana kunne! Kuma wallahi in kika gaya wa matata ina ji, ban yafe ba."