Kunkunniyar Fijo

Salim ya taka totur har ƙasa, tsohuwar Fijo ta yi kururuwa a hanyar Jiratawa.

Shekara da shekaru yana tuƙa Alhaji Alkasim daga gida zuwa kasuwar Maraɗi, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Yanzu da kamfen ya kankama, Alhaji zai sallame shi ya ɗauki ɗan jam'iyya. Salim ya rantse ba zai bar wa kowa motar nan da rai ba.

Da ma tari take, tana shaƙewa. Ya ƙi ɗaga ƙafa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa.

"Ƙone, 'yar banza!"

Ya juyo, ya kai Tsibiri, ya dawo ya ajiye ta kamar garwashi. Ya tabbata gobe ba za ta tashi ba.

Washegari Alhaji ya kira shi. Idirisa makanike na tsaye gaban motar.

Alhaji ya ce, "Salim, mi ka yi ma motar ga?"

Salim ya fara laluben ƙaryar da zai yi.

Idirisa ya ce, "Alhaji, kunkunniya ce ta toshe injin, saboda tafiyar hawainiya. Gudun jiya ya ƙone kunkunniyar tas. Ji yadda motar take kiɗa!"

Alhaji ya washe baki. "Allah shi yi maka albarka, Salim! Da na ga ta kusa mutuwa, na yi niyyar ba ka ita kyautar sallama. Yanzu kam ta fi ƙarfin kyauta. Miƙa ma sabon direba makulli."