Muryar Inna a Kaset

Ina aji uku na firamare, ba a daɗe da ba mu jiha ba, Baba ya dawo Gulma daga Birnin Kebbi da rakoda da kaset ɗin waƙa guda ɗaya tak. Duk gidan kan taru a saurare shi.

Wata rana da la'asar kakata, Inna, tana surfen shinkafa a tsakar gida, tana rera waƙar da ta yi wa marigayi mijinta, masunci. Baba ya daɗe tsaye yana juya kaset ɗin a hannu, don in ya ɗauki muryarta, waƙoƙin da yake ji da su za su goge. Can sai ya saka shi, ya danna jan maɓalli.

Da ya kunna, Inna ta saki taɓarya.

"Wagga tsohuwa wa ta? Ina tas samu waƙata?"

"Ke ta, Inna."

"Ƙarya kaka yi, Ummaru. Muryata ba ta tsuhwa haka ba."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta zauna, ta kara kunne. Da aka zo kan sunan mijinta, ta share ido da bakin zane, ta ce, "Maido ta baya."

Kaset ɗin ya tsinke tuntuni. Yau kowane ɗaya cikin 'ya'yana yana da wayarsa da waƙoƙin da ba su ƙarewa, kowa yana ji shi kaɗai. Kwanan baya na rera musu baiti biyun da nake tunawa na waƙar Inna. Autata ta ce, "Baba, wa ya yi ta? Bari in nemo a waya."