Feshi a Lambun Malam Maitama

Warin magani ne ya fara tarbar Malam Maitama tun kafin ya sauko daga kan kekensa. Kwana biyu kacal ya yi a Funtua wajen wankin hotuna, ya dawo Ƙarfi ya tarar an tsallaka masa darni an feshe lambunsa kaf. Ga fara kwance ƙafafu a sama, ga buzuzu a kife, ga ƙoƙi-ƙoƙin da ya yi mako uku yana lallaɓa ta a sandare kan ganyen auduga.

Shekara talatin da ɗaya ya yi da alli a hannu. Da ya ajiye aiki sai ya sayi kyamara da wani gilashi mai jawo ƙaramin abu kusa, har a ga gashin ƙafar ƙuda. Lambun nan ba don ci ya shuka shi ba, don ƙwari ne. Kullum da hantsi za ka same shi rub da ciki, da kayan aikinsa a shimfiɗe: gashin kaza na share ƙura, da littafi, da jan biro, da 'yar fartanyar da ba ta fi ɗan yatsa ba, wadda Mudi maƙeri ya ƙera masa tun yana nuna wa 'yan aji uku kayan noma. Kowane hoto sai ya rubuta masa bayani a baya. A ganinsa hoto ba bayani jarrabawa ce ba suna.

Matarsa Inno ta ce mutum huɗu ne suka zo da tankuna a baya, da takarda daga ofishin gona. Wai an kai rahoton wata tsutsa mai kaurin damtsen ƙato ta ɓulla a lambun, kuma in ba a yi maza ba za ta cinye audugar yankin nan duka.

"Damtsen ƙato!" in ji Malam. "Tsutsar auduga ko inci biyu ba ta cikawa. Wannan jahilci da me ya yi kama?"

Nan take zuciyarsa ta tafi kan Mati, maƙwabcinsa, wanda gonarsa ke jikin darnin, wanda kuma ya sha cewa Malam kiwon ɓarna yake yi. Mati ya yi ta rantsuwa. Malam ya ce ai rantsuwar ɗaliban da ba su yi aikin gida ba ya saba ji.

Washegari ya sa farar rigarsa ya shiga bas zuwa Malumfashi, da takardar koke shafi huɗu, kowane batu da lambarsa. Dama yana da wata jiƙaƙƙiya da mutanen gona. Wata guda ke nan da ya aika da hotonsa mafi kyau gasar bikin nunin amfanin gona, ko "mun gani" ba su ce ba. Ya sa wannan a lamba ta tara.

Malamin gonan, Jimoh, haifaffen Funtua ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ba shi kujera, ya ba shi haƙuri. Ya ce shi umarni kawai ya samu daga sama, rahoton ma bai gani ba.

"Yaro, haƙuri ba na cikin abin da na zo nema," in ji Malam. "Sunan maƙaryacin nake so."

"Baba, ƙwari ne fa. Damina mai zuwa za su dawo."

"Kai ma in an feshe ka, iyayenka sai su jira damina?"

Jimoh ya haɗiye dariyarsa, ya ce zai aika Funtua a kawo fayil ɗin, Malam ya dawo bayan mako guda.

Malam bai zauna ba. Ya rubuta sharuɗɗa uku: duk wanda aka samu ya kai rahoton zai tsaya a tsakiyar kasuwar Ƙarfi ranar da take ci, ya cire hula, ya ce sau uku, "Ni jahili ne, ban san awo ba." Zai gyara darni. Zai kuma kamo ƙoƙi-ƙoƙi da ranta, da hannunsa, ya mayar lambun. Ya kai wa dagaci ya sa hannu. Ya sa Mati ya dangwala yatsa, Mati na gumi. Shi kuma ya rattaba nasa a ƙasa, ya ja layi biyu, ya ce doka ba ta san babba ba.

Ranar da aka sa, ofishin ya cika. Wakilin dagaci ya zo, Mudi ya rufe maƙera ya biyo su, Mati ya raɓe a bakin ƙofa kamar wanda ke auna nisan tasha.

Jimoh ya kwance zaren fayil. Ya ce ashe ba takarda ba ce, hoto ne ya faɗo teburin masu kula da annobar ƙwari, kuma da manyan suka gani ba wanda ya iya cin abincin rana. Ya zaro shi, ya kalla, ya yi fito.

"Kai! Baba, ni ma da na ga wannan da na feshe garin duka."

"Bar zancen hoto," in ji Malam, yana buga tebur da yatsa. "Karanta sunan da ƙarfi, kowa ya ji. Mati, matso."

Jimoh ya ɗaga hoton sama. Wata shirgegiyar tsutsa ce mai gashi, miƙe a ƙasa kusa da fartanya, tsawonsu ɗaya cif. Mudi ya leƙo, ya ce, "A'a, wannan ai 'yar ƙirata ce." Jimoh ya juya bayan hoton, ya karanta abin da aka rubuta da jan biro, rubutu tsaf ba gyara ko ɗaya: "Tsutsar auduga a lambuna da ke Ƙarfi, na ajiye fartanya kusa da ita don a gane girmanta. Naku, Malam Maitama, tsohon hedimasta."