Mabiyan da Ba a Ƙirga Ba

"Mabiyanki a TikTok dubu tara ne kacal," in ji wakilin kamfanin irin masara, yana turo wa matashiyar mai bidiyon koyar da noma takardar yarjejeniya. "Naira dubu talatin ta ishe ki kuɗin talla."

Ko biron ba ta kalla ba. Ta ce ya biyo ta cikin kasuwar Ƙanƙara, har rumfar mai cajin waya, inda manoma suka yi layi ana tura masu bidiyonta a memori, don ƙauyukansu ba sabis.

Ta gaida wani dattijo. "Baba, wane iri za ku shuka bana?"

"Ke muke jira ki faɗa, ɗiyata. Mu da mutanen ƙauyenmu na 'Yargoje kaf."

Ta miƙa wa wakilin takardarsa. "To, ƙirga su. Sannan ka sake rubuta kuɗin."